Kafin Ka Sayi Karen Da Bai Kai Zakara Ba

Jama'a, ga kaka ta yi. Masara ta shiga buhu, waken suya ya kama hanyar kasuwar Dandume da ta Bakori, masu auduga kuwa sun fara lissafin abin da za su samu. To, kowa ya san halin kuɗin kaka, ba su son zaman aljihu. Wani aure zai yi, wani babur zai saya, wani kwano zai buga wa ɗakinsa, mai hangen gaba ya ƙara da tinkiya ko ɗan maraƙi. Duk wannan mun saba gani. Amma akwai wata sabuwar ƙofa da kuɗi su ke neman bi su fita, ita na ke so mu duba a wannan mako tun ba ta yi faɗi ba.

Watau batun 'yan karnukan nan na ado, masu gashi buzu-buzu da idanu dara-dara, waɗanda a ke ɗora su a tafin hannu a ɗauki hotonsu. Cinikinsu ya yi ƙarfi a Ikko da Abuja da Kaduna, a bakin titi da kuma cikin waya, ta Facebook da Instagram. Hoton da aka ɗauka a Abuja da safe kuwa, kafin azahar ya iso wayar saurayi a Funtua ko Malumfashi. Daga nan sai sha'awa ta tashi. Malam akawu yana so ya saya wa 'ya'yansa, ɗan kasuwa yana so a ga ya waye, saurayi kuma ya ji an ce kwikwiyo guda yana yin kuɗin tinkiya, sai ya ce ai shi ma ga sana'a ta samu.

Wani zai ce ina ruwan malamin gona da kare? Ruwansa biyu ne. Na ɗaya, kuɗin da za a saya da su daga gona suka fito. Na biyu, ciwon da ya kama kare ba ya tsayawa kan kare, ya kan tsallaka ga awaki da shanu da 'ya'yan mai gida. Ra'ayina a gajarce shi ne, dabba da aikinta da lafiyarta a ke sayenta. Wanda ya saye ta don ƙanƙanta kaɗai, cuta ya saya da tsada.

Daga Ina Suka Fito?

Ƙananan karnuka iri-iri ne, kowane da ƙasarsa. Akwai Ciwawa, wanda ya ci sunan wata jiha ta ƙasar Meziko, shi ne mafi ƙanƙanta duka, ba ya wuce kilo 3. Akwai Fomeraniya, daga wani yanki tsakanin Jamus da Folan. Akwai Lasa mai dogon gashi, daga duwatsun Tibet masu ƙanƙara, shi ya ɗan fi su girma, kuma a na yawan ganinsa a biranenmu. Akwai ɗan Yoksha ta ƙasar Ingila, wanda ma'aikatan masaƙun auduga da na ulu suka riƙa ajiyewa don kashe ɓeraye.

Ka ga ke nan wasunsu da aikinsu tun farko. Fomeraniya ma da can babba ne. Sarauniya Biktoriya ta Ingila ce ta samo wani ƙarami daga Italiya cikin 1888, ta ɗora masa so, sai manyan ƙasar suka bi sahu, kowa yana neman ƙarami. Kafin ta rasu cikin 1901 girman irin ya ragu da kusan rabi. Haka kuma cikin 1860, sa'ad da sojan Ingila da na Faransa suka washe wata fadar Sarkin Sin kusa da Bejin, an kwaso 'yan karnukan fada masu gajeren hanci an kai Ingila, aka ba Sarauniya guda. Abin ya kasance yayi na masu sarauta da masu dukiya, mutanen da ke da barori masu yi wa kare hidima.

Tsumburarre Ba Iri Ba Ne

Yanzu kuma abin ya zarce haka. Masu talla sun fito da wanda su ke kira karen kofin shayi, wai don yana shiga cikin kofi. Ko ya gama girma ba ya kai kilo 2, watau bai kai nauyin tiya guda ta masara ba. To, ku sani babu wani iri mai wannan suna. Ƙungiyar masu rajistar karnuka ta Ingila, wadda aka kafa cikin 1873, da takwararta ta Amurka, ta 1884, babu wadda ta yarda da shi a matsayin iri. Sunan kasuwa ne kurum.

Ga yadda a ke samunsa. In karya ta haihu, sai a zaɓi ɗan da ya fi duka tsumburewa, a haɗa shi da wata tsumburarriya irinsa, sa'an nan cikin 'ya'yansu a sake zaɓen mafi rauni. Kai manomi, ka taɓa ganin wanda ya shiga gona ya tsallake manyan zangarniyoyi, ya tsinci wadda ta ƙi girma ya ce ita zai ajiye iri? Ko makiyayin da ya sayar da bijiminsa mai doro ya bar maraƙin da ƙafa ba ta ɗaukarsa ya hau shanu? Abin da aka koya mana a makarantar aikin gona, wanda kakanninmu ma sun riga sun sani, shi ne iri daga mafi ƙarfi a ke ɗiba. Waɗannan sun juya abin, sun ɗauki aibi sun sa masa kuɗi.

Ga abin da ke biyo baya. Ɗan cikinsa ba ya ɗaukar abincin da zai riƙe shi, saboda haka sai an ba shi sau huɗu ko biyar a yini. In ya yi 'yan sa'o'i bai ci ba, sukarin jininsa ya faɗi, ya kama makyarkyata, ya suma, wani ba ya farfaɗowa. Ƙasusuwansa sirara ne kamar na tantabara, in ya diro daga kan gado ko yaro ya taka shi sai karaya. Da yawa maɗigarsu ba ta rufewa har su mutu, wasu kuma ruwa kan taru musu a ka, shi ya sa ka ke ganin goshin ya turo, idanu sun firfito, mai saye yana cewa kyau ne. Ƙoƙon gwiwarsu ya kan goce, maƙogwaronsu ya kan lotsa su dinga tari. Haƙora 42 ne a bakin kowane babban kare, to yi tunanin cunkusa su a bakin da bai fi na kyanwa ba, sai su hau juna su ruɓe.

Ƙasarmu Ba Tasu Ba Ce

Ko lafiyayyen cikinsu, zaman nan wurinmu wahala ne gare shi. Kare ba ya gumi kamar mutum, da haki ya ke fitar da zafi. To, cikin Maris da Afrilu zafi a nan ya kan kusa awo 40, ga gashin da aka halitta don ƙanƙara, ga gajeren hanci da ba ya barin iska ta wuce sosai. In hunturu ya zo kuma, ƙaramin jiki ba ya riƙe ɗumi, sanyin asuba sai ya kayar da shi. Da damina ga kaska da ƙuma, su shige cikin gashin nan ba a gani. Kaska kuwa tana sa wa kare zazzaɓi mai cinye jini, jinin da ɗan wannan ba shi da shi da yawa.

Sa'an nan ku dubi gidan manomi. Akwai maganin ɓera a bayan rumbu, akwai fiya-fiya, akwai maganin feshi da na ajiyar hatsi. Guba da nauyin jiki ta ke aiki, abin da babban kare zai lasa ya yi amai ya tashi, shi zai kashe wannan nan take. Haka allurar tsutsa da a ke yi wa shanu, wadda wasu kan ɗiba da ka su tsira wa kare. Haka ƙwayar ciwon kai ta mutane. Albasa da tafarnuwa suna lalata jinin kare, goro da cakulan kuma suna iya kashe shi. Ina gidan da ba a zuba albasa a miya, ina kuma zauren da ba a yar da ɓarin goro? 

Ga Mai Neman Riba

Kai kuma da ka ke so ka mai da shi sana'a, zo mu yi lissafi. Karya tana ɗaukar ciki kwana 63 ko kusa da haka. Tamu ta gida ta kan shiga ƙarƙashin rumbu ta zubo biyar ko shida ba wanda ya sani. Ita 'yar mitsitsiyar nan daga ɗaya zuwa uku ko huɗu ta ke haifa, ga kan 'ya'yan babba, ga ƙugunta matsattse. Sau da yawa haihuwar ta kan gagara sai an yi mata fiɗa. In naƙuda ta kama ta da tsakar dare a Kafur ko Danja, ina za ka? Asibitin koyarwa na dabbobi na Jami'ar Ahmadu Bello yana Zariya, ko daga Funtua tafiyar sa'a guda ce ko fiye a mota, balle daga ƙauye, balle a wannan zamani da ba kowa ke son tafiyar dare ba.

Bayan haka, wa zai saya? Rago in ka gaji da shi ka kai kasuwar Sheme, ko ka jira Babbar Salla. San huɗa ya yi maka aikin shekara uku ko huɗu, ya ba ka taki, ka turke shi ya yi ƙiba, ka sayar fiye da yadda ka saya. In ciwo ya kama shi ka sa wuƙa, ko nama ka tsira da shi. Kare fa? Masu sayensa suna can birni, kuma kwikwiyo su ke so. Da ya wuce 'yan watanni kuɗinsa ya faɗi, ci kuwa bai fasa ba. Lafiyayyen ƙaramin kare ya kan yi shekara 12 zuwa 15 a duniya. Wannan ba ajiya ba ce, ɗawainiya ce, kuma kowa ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa.

Musulmi kuma yana da wata tambaya da zai yi kafin ta kuɗi. Littafin Risala na Ibn Abi Zaid, wanda a ke karantawa a zaurukan malamanmu, ya kawo cewa ba a ajiye kare a gida sai don gona, ko kiwo, ko farautar neman abinci. Ya kuma kawo hani ga cinikin kare, da saɓanin malamai a kan sayar da wanda aka yarda a ajiye. Ni malamin gona ne, fatawa ba tawa ba ce. Amma ka je ka tambayi malaminka tun kuɗin suna aljihunka.

In Ba Makawa Sai Ka Saya

Na san akwai mai cewa kuɗinsa ne, kuma ba kowane mai karanta wannan fili ne hukuncin nan ya hau kansa ba. Akwai kuma mai cewa ƙaramin kare yana da kunne, da ya ji motsi zai ta da gida da haushi. Wannan gaskiya ne, ban musa ba. To, in ka ƙudura, saye shi yadda ka ke sayen san noma.

Na farko, kada ka yi cinikin biri a sama. Kada ka aika kuɗi saboda hoto, don hoton da ka gani wataƙila a wata ƙasa aka ɗauke shi. Je ka da ƙafarka, ka ga kwikwiyon tare da uwarsa, ka ga inda su ke kwana. Girman uwa shi zai nuna maka girman ɗa. A Ingila, tun watan Afrilu na 2020, doka ta hana ɗan tsakiya sayar da kwikwiyon da bai kai wata 6 ba, sai dai a je wurin wanda karyar ta haihu a hannunsa. Ba su yi dokar nan ba sai da suka ga ɓarnar dillalai.

Na biyu, buɗe bakinsa. Wayon da aka fi yi shi ne a ɗauko ɗan mako huɗu a ce wata uku gare shi, don ka ɗauka irin ƙanana ne. Wani kuma da gangan a ke hana shi abinci. Haƙoran farko su kan fara tsirowa wajen mako uku, su cika 28 wajen mako takwas. Famfara tana farawa wajen wata huɗu, a gama wajen wata bakwai. In an ce maka wata uku, ka ga haƙora yanzu su ke ɓullowa, ka san an ƙara masa kwana. Kada ka karɓi wanda bai cika mako takwas yana tare da uwarsa ba.

Na uku, duba jikinsa. Dasashi ya zama ja-ja, in fari ne fat to babu jini. Ido da hanci ba kwantsa ba majina. Shafa tsakar kansa a hankali ka ji ko akwai rami. Ajiye shi ƙasa ka ga tafiyarsa. Tumbi ƙato a kan siraran ƙafafu alamar tsutsa ce. Ɗaga wutsiya ka ga ko akwai alamar zawo. In aka ɗauko maka mafi ƙanƙanta cikin 'yan'uwansa aka ce shi ya fi tsada, ka ce a ba ka babban.

Na huɗu, nemi katin allura mai sa hannun likitan dabbobi da hatiminsa, ka kuma tambayi inda likitan ya ke. A kan fara allurar rigakafi a mako shida zuwa takwas, a maimaita bayan kowane mako uku ko huɗu har ya kai mako 16. Cikin cututtukan da ta ke karewa akwai wata mai sa amai da zawon jini, wadda ta bazu a duniya cikin 1978, tana kashe kwikwiyo cikin 'yan kwanaki, ƙwayarta kuma ta kan yi watanni a ƙasar gida ba ta mutu ba. Maganin tsutsa ma wajibi ne, don ƙwan tsutsar kare yana shiga cikin yaran da ke wasa da ƙasa.

Babbar Magana

Duk abin da na faɗa a baya asarar kuɗi ce. Wannan ta ƙarshe asarar rai ce, watau ciwon haukan kare. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta yana kashe mutum wajen 59,000 kowace shekara, kusan duka a Afirka da Asiya, kuma huɗu cikin goma yara ne 'yan ƙasa da shekara 15. Kusan dukansu daga kare su ke ɗauka. Kada ƙanƙanta ta ruɗe ka. Karen gona yana waje, amma wannan a cinya ya ke zama, yana lasar fuskar yara. Yawunsa in ya taɓa ƙurji ko yanka ya isa. Kwikwiyon da ya bi hannun dillali uku kafin ya iso gare ka, wa ya san abin da ya cije shi a hanya?

Ciwon ya kan yi wata biyu ko uku a jiki bai nuna ba, wani lokaci mako guda, wani har shekara. Da ya nuna kuwa, mutum ya fara tsoron ruwa, to sai dai addu'a. Amma kafin ya nuna akwai magani, tun ranar 6 ga Yuli 1885 da Luwi Fasto na Faransa ya yi wa wani yaro ɗan shekara 9 allura ya tsira. Saboda haka in kare ya ciji mutum ko ya yakushe shi, a wanke wurin da ruwa da sabulu har minti 15, sa'an nan a nufi babban asibitin Funtua ko na Malumfashi a ranar. A bar ƙona gashin kare a na shafawa, a bar jiran a ga abin da zai faru. Karen kuma in ya kamu a ɗaure shi kwana goma likitan dabbobi ya duba, amma kada a jira kwana goman kafin a fara allura.

Rigakafin kare kansa ya fi sauƙi da araha. A yi masa allura in ya cika wata uku, a sabunta kowace shekara. Cibiyar binciken dabbobi ta Vom, kusa da Jos, wadda ta zauna can tun 1924, tana yin wannan allura. Sai dai a tabbata daga cikin sanyi aka ɗauko ta, don wadda ta sha rana ruwa ce kawai. Masana sun ce in aka yi wa karnuka 70 cikin 100 na gari allura, ciwon ya kan yanke a garin. Ranar 28 ga Satumba ta kowace shekara aka keɓe don tunawa da wannan. Ina roƙon dagatai da masu unguwanni da sarakunan farauta su haɗa kai da ofishin dabbobi na ƙaramar hukumarsu, a tara karnukan gari rana guda a yi musu.

Daga ƙarshe, ga abin mamaki. Muna kai kuɗi birni neman karen da ba ya iya korar gafiya, Turawa kuwa sun zo Sahel sun ɗauki dogon karen Buzaye na Azawak, tsakanin Nijar da Mali, sun kai Turai tun wajen 1970, har Amurka ta yi masa cikakkiyar rajista cikin 2019. Namu na gida shi ma ya san zafinmu da sanyinmu, yana korar biri daga masara, yana bin garke, yana ta da mai gida in baƙon dare ya zo. Abin da ya ke nema wurinmu kaɗan ne: abinci, da ruwa, da inuwa, da allura sau ɗaya a shekara, a kuma hana yara jifansa. In aikin kare ka ke so, ga shi nan a ƙofar gidanka. Sauran kuɗin ka sayi taki tun yana da sauƙi, ko ka ƙara tinkiya.

Mako mai zuwa, in Allah ya kai mu, za mu yi magana a kan ajiyar masara da yadda za a tsare ta daga ƙwari ba tare da an cuci masu ci ba. Allah ya sa albarka cikin abin da muka noma, amin.